Motar da Ta San Ranar Jarrabawa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Akwanga zuwa Jos ya ga irin baƙin hayaƙin da manyan motoci ke tuƙowa a Hawan Kibo. Man gas suke sha, watau dizal. Injin dizal ba shi da fulogi. Iska yake matsawa har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan a fesa mai ya kama da kansa. Wannan ƙuna tana haifar da mugayen abubuwa biyu: baƙin hayaƙin da muke gani, da wata iska mai guba wadda ido ba ya gani, mai ɓata huhu.

Masu ƙera motoci sun yi wa abin dabara uku. Akwai matata a cikin salansa mai tare baƙin. Akwai bututu mai mai da wani kashi na hayaƙin cikin inji don zafin ƙunar ya ragu. Akwai kuma ruwan yuriya da ake fesawa cikin hayaƙin, ya mai da gubar ta zama ruwa da iska marar cutarwa. Amma waɗannan dabaru suna ƙara tsada, wasu kuma suna ƙara shan mai.

To, a nan ne kamfanin Volkswagen na Jamus ya yi ha'inci. Ya sa wa kwamfutar motocinsa wata dabara ta gane lokacin gwaji. A ɗakin gwaji tayoyi na juyawa amma sitiyari ba ya motsi. Da mota ta lura da haka sai ta tsabtace hayaƙinta sosai. In ta hau titi kuwa, sai gubar ta kai har ninki 40 na abin da dokar Amurka ta yarda.

Masu bincike na Jami'ar West Virginia ne suka gano bambancin a 2014, don sun auna hayaƙin a kan hanya. A Satumba 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona asirin. Kamfanin ya amsa cewa motoci wajen miliyan 11 abin ya shafa, shugabansa Martin Winterkorn kuma ya sauka.

Mu masu koyon aikin malanta, sai mu lura. Malamin da ba ya shirya darasi sai ranar zuwan sufeto, shi da motar nan duk ɗaya ne. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.