Haske a Matsayin Magani

Bahaushe ya san rana da busar da shanya da nunar da hatsi. To amma masana kimiyya sun gano cewa haske na iya sauya ƙirar wasu sinadarai a cikin jikin ɗan'adam, ta yadda mai cutarwa zai fita, ko kuma maganin da ke kwance ya farka ya kama aiki.

Misali mafi kusa da mu shi ne ciwon shawara da ke kama jarirai a makon farko na haihuwa. Idan jajayen ƙwayoyin jini suka mutu, sukan bar wani sinadari rawaya mai suna bilirubin. Hantar jariri ba ta yi ƙwarin da za ta kawar da shi da sauri ba, sai ya taru, ido da fata su yi rawaya. In ya yi yawa yakan taɓa ƙwaƙwalwa, ya jawo kurumta, ko nakasa, ko mutuwa. A shekarar 1956, a asibitin Rochford da ke Ingila, wata ma'aikaciyar jinya, Jean Ward, ta lura cewa rawayar tana raguwa a sassan jikin da rana ta taɓa. Daga nan aka ƙera fitilu masu shuɗin haske, waɗanda ke juya ƙirar bilirubin ya narke cikin ruwa, ya fita ta fitsari da bayan gida.

A wajen ciwon daji kuwa, akan yi wa maras lafiya allurar wani magani wanda ba ya aiki sai haske ya same shi. Bayan ya taru a cikin ƙari, sai a haska wurin da jan haske, maganin ya kashe ƙwayoyin da ke wurin, sauran jiki ya tsira daga yawancin illar. Ƙasar Kanada ce ta fara amincewa da irin wannan magani, Photofrin, a 1993.

Darasin da ke nan ga al'ummar Gwarzo da Kabo a fili yake. Mai jego takan yi zaman ɗaki, ɗakin kuma sau da yawa duhu gare shi, don haka rawayar kan ɓuya. Ya kamata a riƙa duba idon jariri da dasashinsa a hasken rana kowace safiya kafin suna. In an ga rawaya, a garzaya asibiti. Kada a shanya shi cikin rana tsagwaronta, domin tana ƙona fata, tana kuma ƙarar da ruwan jiki.