Gwajin Maganin Cutar Duchenne: Tsakanin Fata Da Hujja

Cutar Duchenne, wadda ta ci sunan likitan Faransa da ya bayyana ta a ƙarni na 19, ciwo ne na gado da ke cinye tsokar jiki sannu a hankali. Kusan yara maza kaɗai take kamawa, ɗaya cikin kowane 3,500 zuwa 5,000 da aka haifa. Jikin yaron ba ya samar da sinadarin distirofin mai kare tsoka, sai a ga yana yawan faɗuwa, kusan shekara 12 ya koma kan keken guragu, daga bisani ciwon ya kai ga zuciya da numfashi.

Tun 1986 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta, amma har yau babu maganin da ke warkar da ita. A 2016 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da maganin eteplirsen, alhali babban gwajinsa yara 12 kacal ya ƙunsa, kuma kwamitin masana da ke ba ta shawara bai gamsu ba. Takwararta ta Turai ta ƙi shi a 2018.

Sai kuma Elevidys na kamfanin Sarepta, wanda ke shigar da gajeren kwafin ƙwayar gadon cikin jiki, a kan dala miliyan 3.2. An amince da shi a 2023. A wannan shekarar gwajin da aka yi wa yara 125 ya kasa cimma babban ma'aunin da aka gindaya masa, amma duk da haka aka faɗaɗa amfani da shi a 2024. A 2025 matasa biyu da suka riga suka daina tafiya suka rasu bayan karɓarsa, sakamakon lalacewar hanta. Daga nan aka taƙaita shi ga masu iya tafiya.

Mai karatu, iyayen da suka matsa lamba ba abin zargi ba ne, domin wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Nauyin yana kan hukuma da masu bincike. Ganin ƙaruwar sinadari a cikin tsoka daban, ganin yaro ya ci gaba da hawa bene da ƙafarsa daban. Lallai ne a ci gaba da gwaji, amma a fayyace wa iyaye abin da aka tabbatar da abin da ake fata kawai, kada garin neman gira a rasa ido.