Dutsen Bagazam: Masu yawon ƙafa sun ɗauke ƙafa

Da yawa daga cikinmu a ƙasar Hausa mun san sunan Bagazam ne ta bakin mahaya, domin da shi ake kiran wani irin dokin Azbin da sarakuna ke taƙama da shi. Amma asalin sunan na dutse ne, kuma a kansa ne wuri mafi tsawo a duk Jamhuriyar Nijar yake, wato ƙololuwar Idukal-n-Tages mai tsawon mita 2,022 daga doron teku. Dutsen yana cikin jerin duwatsun Azbin, arewa maso gabas da Agadas, yankin da tarihin baka na Gobirawa ke cewa kakanninsu sun zauna kafin su gangaro kudu.

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2006, da zarar sanyi ya shigo a watan Nuwamba, jirage kan taso daga Faransa kai-tsaye su sauke Turawa a filin jirgin saman Mano Dayak da ke Agadas. Wasu sahara suka zo gani, wasu kuwa hawan dutse ne ya kawo su. Mota takan kai su gindin dutsen, wajejen Tabelot, garin da ya yi suna wajen noman albasa. Daga nan sai ƙafa. Jakuna ke ɗaukar ruwa da abinci da barguna, ja-gora Ba'abzine yana gaba, ana bin wata siririyar hanya tsakanin duwatsu wadda mutanen ƙauyukan sama suka daɗe suna bi in za su kasuwa. Akan yi mako guda ko fiye ana tafe ana kwana a fili, kuma a watannin Disamba da Janairu sanyin dare a can sama ba ya jin rarrashi.

Abin da ke ba baƙo mamaki idan ya kai sama shi ne, wurin ba kango ba ne. Akwai ƙauyuka da garken awaki, da lambuna na albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa. Mazan wannan yanki da na Timiya ne kuma kan tashi da ayarin raƙuma zuwa Bilma da Fashi neman gishiri da dabino, su gangaro da su Damagaram har Kano su koma da gero.

Shi mai ɗaukar hoto, wahalarsa ninki biyu ce. Hasken da yake nema ɗan ƙanƙani ne, daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma sakaliya kafin magariba; da rana tsaka komai sai ya fito fari fat. Idan hazon hunturu ya sauka, dutsen da ke gabanka ma ɓacewa yake yi, ƙura ta shige kyamara, sanyi kuma ya shanye batir a wurin da babu lantarkin caji. Sai dai a nan muna da ƙorafi: yawancin hotunan Azbin da suka cika mujallun Turai, dutse ne da raƙumi da mai rawani shi kaɗai. Manomin da ke janyo ruwa daga rijiya da raƙuminsa, da yaron da ya kora jakin da ya ɗauko kyamarar, ba kasafai suke fitowa ba.

Wannan harka ta tsaya ne a 2007, lokacin da tawayen ƙungiyar MNJ ya ɓarke da hari a Iferuwan cikin watan Fabrairu, aka kuma binne nakiyoyi a hanyoyi. Tawayen ya lafa a 2009, amma sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a 2010 ya ƙarasa abin da ya rage. Ja-gorori da direbobi da masu dafa abinci da maƙeran azurfa duk suka rasa ciniki. Wasu suka koma jigilar baƙin haure zuwa Libiya, wasu suka tafi haƙar zinariya bayan an gano ta a Jado a 2014. Bikin Azbin da ake yi a Iferuwan ya riƙa janyo 'yan baƙi, amma sace wasu Turawa mata biyu a garin Agadas a 2025 ya sake mai da hannun agogo baya. Sanin hanya da sanin inda ruwa yake a dutse kuwa ba a takarda yake ba, a kan mutane yake, kuma matashin da ba ya sa ran samun na tuwo da shi ba zai tsaya koyo ba.

Tun 1992 hukumar UNESCO ta sanya gandun Azbin da Tenere cikin wuraren tarihin duniya da ke fuskantar haɗari, shekara guda kacal bayan ta karɓe shi. A dutsen Takolokuzet da ke cikin gandun, masu kare namun daji sun ɗaura kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu idan dabba ta gifta. Hotunansu ne ke tabbatar da cewa doguwar barewar nan mai jan wuya da ake kira dama, wadda saura 'yan tsiraru a Nijar da Chadi, tana nan da ranta a tsakanin duwatsun.