Me Ya Sa Abincin Da Ba A Sarrafa Ba Yake Rage Ƙiba?

A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2019, Kevin Hall na Cibiyar Lafiya ta Ƙasa a Amurka ya kwantar da mutum 20 a asibitin bincike na tsawon wata guda. Mako biyu suna cin abincin masana'anta, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya. Ba a hana kowa ƙari ba. A makonnin abincin masana'anta, a matsakaici mutum ya riƙa cin kimanin kalori 500 fiye da na ɗaya abincin a kullum, nauyinsa ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuwa, kusan kilo ɗayan ya zube.

Ba a gama gano dalilin ba, amma ga wani ɓangare nasa. Biskit da taliyar leda suna da laushi, mutum yana haɗiye su kafin ciki ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa ya ƙoshi. Lemon kwalba ma ya fi muni: ruwa ne da sukari, ba ya tsayawa a ciki. Wake, gero, dawa da ba a cire dusarta ba, zogale da ƙwai kuwa suna buƙatar tauna, kuma suna daɗewa kafin su narke, sai yunwa ta jinkirta.

Amma a yi hattara. Tuwo ma, in an cika kwano an malala masa mai, ƙiba zai kawo. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya fara ganin likita kafin ya sauya cimarsa.