Jinyar yaro a tsallaken iyaka: abin da ya kamata a tafi da shi

Idan damina ta yi nisa, daga Yuli zuwa Oktoba, zazzaɓin cizon sauro da tamowa kan haɗu su kwantar da yara a ƙasar Gobir. A irin wannan lokaci iyaye mata da dama daga Sabon Birni da ƙauyukan Isa kan saɓa goyo su nufi Jamhuriyar Nijar: Gidan Rumji, Maraɗi, ko Madarumfa, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta daɗe tana tallafa wa sashen yara. Maraɗi ta fi Sakkwato kusa da Sabon Birni, hanyoyinmu na gida kuwa 'yan bindiga sun hana su sakat. Ga shi Gobirawan Tsibiri jininmu ne, shi ya sa mutum yakan manta cewa wata ƙasa ya shiga, mai nata kuɗi da nata tsari.

A ganina, guzurin da ya fi kowanne muhimmanci mutum ne. Zazzaɓi mai tsanani yana cinye jinin yaro, har tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari fat. Idan likita ya ce sai an ƙara jini, ba a cika ɗibar na uwa mai shayarwa ba, balle wadda ta kwana biyu ba barci. Saboda haka uba, ko kawu, ko wani baligi mai ƙoshin lafiya ya raka ta. Shi zai ba da jini idan ya dace, shi zai je sayen magani, shi zai zauna gaban gado ta samu ta yi wanka da salla. Abin takaici ne a ga mace ita kaɗai a baƙon wuri, ga majinyaci a gado, ga jariri a baya, tana neman wanda za ta bar wa amana.

Sai takardu. A ɗauki katin rigakafin yaron, da duk wata takarda da aka taɓa rubuta masa, da katin shaidar manyan da za su raka shi. Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, don haka kada a fita ba shaida. A tattara kwalabe da kwalayen magungunan da aka saya a kemis, ko da sun ƙare, domin ganinsu ya fi wa likita amfani a kan "mun ba shi wani jan sirof". Idan an ɗura masa jiƙo ko tsimi, a faɗa ba tare da jin nauyi ba. Ɓoyewar ce ke cutarwa.

Tun 2006 Nijar ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma magani kan yanke, a rubuta takarda a ce a saya a waje. A canza naira zuwa sefa tun da wuri, a kuma tanadi layin waya na Nijar da caja.

Tabarma, gidan sauro, buta, sabulu, zannuwa da kofi da cokalin yaro, waɗannan kowace uwa ta san su. Garin kunu da ƙuli-ƙuli kuma na masu jinya ne. Yaron da tamowa ta galabaitar, madara ta musamman ake auna masa a kwanakin farko, domin cikinsa ba zai ɗauki abinci mai nauyi ba. Tausayi kada ya sa a ba shi fura a ɓoye.

Ranar sallama, takardar da za a miƙo da Faransanci take, malamin asibitin Sabon Birni kuwa da Ingilishi ya yi karatu. Kafin a naɗe tabarma, a roƙi ma'aikacin jinya ya bayyana da Hausa sunan ciwon, da yadda za a sha kowane magani, da ranar komowa, wani ya rubuta a bayan takardar ko a naɗi muryarsa a waya.