Me Ya Sa Ake Zuwa Gandun Dajin Mole Da Rani?

Tun da muka dawo daga Mole, duk wanda muka haɗu da shi a Zango tambayarsa ɗaya ce: kun ga giwa? E, mun gani, har da 'yarta. Amma da Malam ya biye mana mun tafi a hutun damina kamar yadda muka so, wataƙila da kuɗin motar da iyaye suka haɗa ya tafi a banza.

Mole shi ne gandun daji mafi girma a Ghana, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500, kuma a 1971 aka mai da shi gandun daji na ƙasa. Yana kusa da Damongo, hanyar shiga ta bi ta Larabanga, garin nan mai tsohon masallacin ƙasa. Ba kamar gidan namun daji na Kumasi ba ne, babu keji. Dabba tana yawonta inda ta ga dama, sai dai ka je ka neme ta.

To, abin da ke kawo ta kusa shi ne ƙishirwa. Babbar giwa tana shan ruwa fiye da lita 100 a rana. Da damina ko'ina ruwa, sai su bazu cikin daji, ga ciyawa ta fi mutum tsawo. Daga Disamba zuwa Afrilu kuwa ƙoramu sun ƙafe, ciyawa ta kwanta, dole su gangaro tafkunan da ke ƙarƙashin tudun masaukin baƙi. Daga saman tudun ma kana hango su suna wanka.

Da ƙarfe 7 na safe muka shiga a ƙafa, mai gadin daji yana gaba da bindigarsa. Sharaɗinsa na farko, ba a shiga da silifas, sai takalmi sawu-ciki. Na biyu, shiru. Idon giwa ba shi da ƙarfi, amma hancinta da kunnenta ba wasa. In tana kaɗa kunnuwa a hankali, fifita take yi saboda zafi. In ta juyo ta ɗaga kai ta baje su, gargaɗi ne, musamman mai ɗa. A nan ba a gudu, ba a ihu, a ja da baya a hankali yadda mai gadi ya nuna. Gaskiya faɗa ta fi yi sauƙi, wasunmu gwiwa sai rawa take.

Mun ga mariya da mazo, da mugun dawa yana kiwo a durƙushe. Zaki kam ba mu gan shi ba. Wanda ya fi ba mu wahala gwaggon biri ne. Ɗaya daga cikinmu ya ajiye ledar burodinsa zai yi alwala, kafin ya wanke fuska biri ya haye bishiya da ita.