Ƙarar jirgi da ƙugin ƙarfe: makaɗan da suka mayar da hayaniya kiɗa

A daren 29 ga watan Agusta na shekarar 1952, ƴan kallo sun cika wani ɗakin kiɗa na katako a garin Woodstock da ke jihar New York ta Amurka. Makaɗin fiyano David Tudor ya zauna, ya rufe murfin fiyanon, bai taɓa komai ba har tsawon minti 4 da daƙiƙa 33. Abin da aka ji shi ne iska a cikin itatuwa, yayyafi a kan rufi, sai gunagunin mutanen da suka fara ficewa. Wanda ya tsara kiɗan, John Cage, ya ce waɗannan sautukan su ne kiɗan.

Da yawa a cikin ɗakin sun ɗauka raina musu hankali aka yi. Sai dai rigimar ta girmi Cage. Tun a 1913 wani mai zane ɗan Italiya, Luigi Russolo, ya rubuta cewa kunnen da ya saba da masana'antu da motoci ya wuce a ƙosar da shi da goge da sarewa kaɗai. Ya ƙera akwatunan da ke gurnani da ƙugi idan an murza hannunsu. Da ya kai su gaban jama'a a birnin Milan a 1914, taron da dambe ya tashi.

Na'urar ɗaukar sauti ce ta buɗe ƙofar sosai, kuma Afirka na cikin waɗanda suka fara shiga. A 1944 wani ɗalibi a Alƙahira, Halim El-Dabh, ya ɗauki muryoyin mata a wajen bikin zar, al'adar da ke da kama da bori. Ya kai sautin gidan rediyo, ya yi ta tace shi da ƙara masa amsa-kuwwa har kalmomin suka narke, amon kawai ya rage. Shekara 4 bayan haka, injiniyan rediyon Faransa Pierre Schaeffer ya ɗauki ƙarar jiragen ƙasa a tashar Batignolles ta birnin Paris, ya yanka, ya jera, ya maimaita, ya mayar da ita kiɗa.

To yaya ake sauraron irin wannan? Shawarar Schaeffer ita ce mai sauraro ya daina tambayar me ya yi ƙarar. Da zarar mutum ya ce "jirgi ne", kunnensa ya gama aiki. Idan kuwa ya jinkirta, zai ji yadda sautin ya faro, kaurinsa ko kaifinsa, inda ya kumbura da yadda ya mutu.

Bajamushe Helmut Lachenmann, wanda aka haifa a 1935, ya bi ta wata hanyar. Shi so yake a ji ainihin yadda aka samar da sautin. A kiɗansa mai suna Pression na 1969, wanda ya tsara wa babban gogen Turawa da ake dafewa tsakanin gwiwoyi, makaɗi yana danna baka a kan tsirkiya har ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, yana kuma goga jikin katakon. Abin da malaman kiɗa ke kashe shekaru suna hana ɗalibi yi, shi ya mayar abin saurare. An rubuta kowane motsi dalla-dalla, don haka sai ƙwararre ke iya kaɗa shi.

Har yau masu suka na cewa kiɗan da sai an yi maka bayaninsa kafin ka ji daɗinsa ya kasa. Magoya baya na amsawa da cewa kunne ma sabo yake yi, kamar harshe da ɗacin goro. Ana cikin wannan muhawara, a 2004 ƙungiyar makaɗa ta BBC ta gabatar da kiɗan shirun Cage a birnin Landan, aka watsa shi kai tsaye ta rediyo. Sai da injiniyoyi suka kashe na'urar da ke saka kiɗa da kanta idan tasha ta yi shiru, don kada ta ɗauka matsala aka samu.